Ranar da Mai Aski Ya Rina Furfurarsa

Shagon Mai Aski yana tsakanin kantin gyaran waya da wata ƙofa da aka daɗe da rufewa. Kujera ɗaya ce a ciki, mai juyawa, fatarta ta tsage a daidai inda gwiwar hannu ke sauka. Madubin ya fara dusashewa daga gefe-gefe, kamar idon tsoho. A bayan ƙofa akwai wani katako a jingine, ya yi sumul saboda shafar hannu. Shi ake gittawa a kan hannayen kujera idan an kawo yaro, don kansa ya kai madubi. Rabin mazan unguwar sun hau katakon nan suna kuka, sun tafi sun dawo da gemu, sun kawo nasu 'ya'yan sun ɗora.

Da sharar gashi ya fara sana'ar, tun yana ɗan saurayi, a shagon wani mutum mai faɗa. Can ya koyi riƙon almakashi da reza, ya kuma koyi abin da ya fi su wuya, wato duban fuska. Ba ya taɓa kan mutum sai ya tsaya a bayansa ya dube shi a madubi, ya ga inda shekaru suka taru. Wani a gefen kunne suke, wani a ƙarƙashin haɓa. Sai ya sa hannu ya kwashe abin da zai kwasu. Mutum ya tashi yana shafa ƙeya yana cewa an rage masa shekara goma, shi kuwa ya kaɗe mayafin askin, ya ce a dawo idan sun dawo. Akwai gwangwanin baƙin rini a kan kanta don masu so, amma bai taɓa shafa wa kansa ba. Furfura ta zo masa da wuri, kuma yana ji da ita.

Matarsa ta rasu tun 'yarsu ɗaya tilo tana ƙarama. A bencin shagon nan yarinyar ta girma, tana aikin makaranta cikin ƙarar injin aski. Ta yi aure, ta haifi 'ya mace mai surutu, wadda kakanta ya raɗa wa Aku tun kafin ta iya haɗa magana. Sai ciwo ya zo wa 'yar tasa, bai yi wani dogon zama ba, ya tafi da ita. Mai Aski ya rufe shago na wani lokaci, ya sake buɗewa, domin hannu ba ya son zama.

Surukin nasa mutum ne mai kawaici, ma'aikacin kamfanin ruwa, wanda ba ya haɗa ido da shi don kunya. Ba a jima ba aka canza masa wurin aiki zuwa wani gari mai nisa. Ranar da za su yi sallama, ya bar Aku a shagon ya tafi neman motar kaya. Ta riga ta wuce hawa katako, amma ta ɗauko shi da kanta ta gitta, ta haye, ta karɓi wayar kakanta tana danne-danne. Ta ce za ta sa masa wasan da duk 'yan ajinsu suke yi ta intanet. Kowa yana da tsibiri, yana gina gida, yana dasa itatuwa, yana hawa kwalekwale ya ziyarci abokinsa. Wasan na yara ne zalla a lokacin, don haka da aka tambayi ranar haihuwa sai ta rubuta tata.

"Shi ke nan, Kaka, mun zama tagwaye," in ji ta. "Sunanka Kunkuru, tunda kafin ka danna abu ɗaya na gama goma."

Ya yi dariya ya ce to, bai ɗauki abin da wata daraja ba.

Da farko suna magana ta waya. Amma muryarsa da irin dariyarsa sak na mahaifiyarta ne, kuma duk ranar da suka yi hira, Aku takan wuni ba ta ci abinci ba, ta shige ɗaki tana kuka. Surukin ya daure, ya daure, sannan ya kira shi cikin ladabi. Ya roƙe shi ya ɗan ɗaga mata ƙafa har zuciyarta ta yi ƙwari, ya ce shi zai riƙa kira yana ba da labarinta. Mai Aski ya ce gaskiya ne, haka ya kamata. Ya ajiye wayar, ya share shagon da ba shi da datti. Kiran surukin kuwa ya riƙa zuwa jefi-jefi, gaisuwa ce da amsa, kowa lafiya, ana karatu.

Wata yamma da babu kowa a kujera, ya tuna da wasan, ya sa tabarau ya buɗe. Ya tarar da wani ɗan yaro mai ƙaton kai da shuɗiyar hula tsaye a bakin ruwa, wai shi ke nan. Kafin ya gano yadda ake tafiya, sai ga kwalekwale ya tsaya, wata 'yar tsana mai jan takalmi ta diro tana tsalle, rubutu ya fito a saman kanta: "Kunkuru! Sai yau?"

Rubutu ba shi da murya, don haka bai sa ta kuka ba. Wannan ne ya ba shi hujja a wurin kansa. Kullum bayan an tashi makaranta sai ya jingina waya da gwangwanin hoda, ya yi ta rubutu da yatsa ɗaya. Yakan fara da cikakkiyar gaisuwa, ina wuni, ya gida, ya makaranta, har ta hana shi. Ta ce yara ba sa gaisuwa haka, za a gano shi a kore shi. Ta kafa doka: babu Kaka, babu Aku, kowa da sunansa na wasa. Shi ma ya kafa tasa. Yana tsoron kada surukin ya ji ya rufe wannan 'yar kafa ita ma, sai ya rubuta mata cewa wannan tsakaninsu ne, kada ta faɗa wa babanta. Ta yi alkawari.

Sun gina gida mai jan rufi, sun dasa layin itatuwa har bakin ruwa. Ta gina masa shagon aski da kujera da madubi, ta rasa katako a cikin kayan wasan, sai ta gitta guntun gada. A nan ya san ta canza aji, ya san haƙorinta ya faɗi wani ya fito, ya san sunan ƙawarta da wadda suka ɓata. Yakan tambaye ta me ta ci, wa ya raka ta makaranta, yaushe babanta yake dawowa daga aiki, irin tambayoyin da kowane kaka yake yi. Tsohon Direba, abokinsa da ke zaman benci kullum tun da idonsa ya hana shi tuƙi, yakan leƙa ya girgiza kai.

"Tsofai-tsofai da kai kana wasan 'yar tsana. Ni dai idan an tambaye ni, ban san ka ba."

"Wa zai tambaye ka? Ko hanyar gidanka sai an nuna maka."

Haka aka yi ta tafiya har wasan ya girma. Wata rana sanarwa ta rufe fuskar wayar: an buɗe sashe na ƙananan da ba su shiga makaranta ba, an kuma buɗe na manya, kowa yanzu yana da wuri. Mai Aski ya ji daɗi ƙwarai. Ya ce wa Direba an daina ɓoye-ɓoye ke nan, zai shiga da furfurarsa. Sai da ya kai wa maƙwabciyarsa Mai Gyaran Waya ta karanta masa ƙananan rubutun ƙasa, murnar ta koma ciki. Da aka faɗaɗa gidan, an kuma ja katangu. Kowa zai nuna fuskarsa ga kyamara, na'ura ta kimanta shekarunsa, ta kai shi cikin sa'o'insa. Babba ba zai yi magana da yaro ba, ba zai taka tsibirinsa ba, sai uban yaron ko uwarsa sun amince daga tasu wayar.

Mai Gyaran Waya ta ce abin ai mai sauƙi ne. Ya nuna fuskarsa yadda take, ya kira surukinsa ya danna amincewa, a wuce wurin. Ya ce to, zai duba. Ta dube shi ta saman gilashin da take duba cikin waya da shi, ta ce, "Baba, wannan 'to' ɗin naka na san shi." Don ta sassauta masa, ta ba shi labarin yadda na'urar take shirme, ta jefa wani magidanci mara gemu cikin 'yan makaranta, ta kai wata yarinya doguwa cikin manya. Da ta san inda labarin zai sauka a zuciyarsa, da ba ta ba shi ba.

An ba da wa'adi. A kwanakin da suka rage, ya ɗauki waya don kiran surukin ya fi a ƙirga, yana ajiyewa. Me zai ce? Cewa ya amsa da to a baki, ya zagaya ta baya? Yana ganin fuskar mutumin a ransa, yadda zai sunkuyar da kai ya yi shiru, kuma shirun ne yake tsoro. Aku ta rubuto cewa ita ta nuna fuskarta an bar ta a inda take, saura shi. Ta ce ya yi dabara.

Direba ne ya faɗa da wasa, yana ɓare gyaɗa, cewa mutumin da ya rage wa duk unguwa shekaru ya kasa rage nasa. Mai Aski bai yi dariya ba. Ya juya ya tsaya a bayan kujerar da babu kowa, ya dubi madubi yadda yake duban baƙo.

Ba mahaukaci ba ne, ya san ba zai koma yaro ba. Amma ya yi ta faɗa wa kansa cewa na'ura ba ta da wayo, abin da mutane suke kallo shi take kallo, farin gashi da gemu. Idan ta yi kuskure a kan wasu, me zai hana ta yi a kansa? Washegari da safe ya rufe ƙofar shago. Ya sa kumfa ya sauke gemun da ya yi shekaru yana gyarawa, haɓarsa ta fito fara sol, baƙuwa, tana jin iska. Ya buɗe gwangwanin rini ya dama, ya bi kansa layi-layi da ɗan buroshi, har gira. Aikin ya yi kyau, domin hannunsa bai san yin mummunan aiki ba. Ya shafa hoda a ƙarƙashin ido, ya cire tabarau, ya ɗaga wayar daidai fuska.

Wata da'ira ta zagaye fuskarsa, aka ce ya juya dama, ya juya hagu. Amsa ta fito: sashen manya. Ya matsa kusa da taga ya sake. Ya kashe fitila ya sake. Ya ɗauko wata hular ɗan makaranta da aka manta a shagon ya kifa, ya kumbura kumatu don ramukan su cike, ya sake. A karo na ƙarshe da'irar ba ta fito ba. Wani rubutu ne ya fito, wanda Mai Gyaran Waya ta karanta masa daga baya da murya ƙasa-ƙasa, ba ta ko yi dariyar rinannen kansa ba. An rufe Kunkuru, saboda shekarun da aka rubuta sun saɓa da fuskar da aka gani, kuma an yi ta ƙoƙarin ruɗin na'ura. Za a sanar da iyayen yaran da yake hulɗa da su. Yaro ɗaya ne kawai yake hulɗa da shi a duk faɗin wasan.

Unguwa ta samu abin dariya. Direba ya shigo ya tsaya turus, ya ce yana neman mai shagon, wani dattijo, ko ɗansa ne wannan? Masu zuwa aski suna kiransa ango, suna tambayar ranar ɗaurin aure. Yana murmushi yana aikinsa. Idan lokacin tashin makaranta ya yi, hannunsa yakan kai ga gwangwanin hoda don ya jingina waya, sai ya tuna.

Bayan 'yan kwanaki, da rana tsaka, wayar ta yi ƙara. Surukin ne, kuma ba lokacin kiransa ba ne. Muryarsa ta dushe kamar wanda ya daɗe bai yi barci ba. Ya gaishe shi a gurguje, ya ce wani abu ya same su, ya rasa wanda zai faɗa wa. Masu wasan nan da Aku take yi sun aiko masa da saƙo, cewa wani babban mutum ya shiga rigar yaro ya daɗe yana magana da ita. Sun nuna masa wasu daga cikin maganganun. Mutumin yana tambayarta wa yake raka ta makaranta, yaushe babanta yake dawowa. Har ya ce mata kada ta faɗa wa babanta.

Mai Aski ya zauna a kujerar aski, abin da ba ya yi. Maganganunsa ne, bai canza ko ɗaya ba, amma a bakin uban yarinyar sun zama wani abu dabam.

Surukin ya ci gaba. Ya ce ya tambaye ta da lallashi, ya tambaye ta da faɗa, ta kafe ta ce ta yi alkawari. Ya karɓe wayarta. Ya ɗauki hutu a wurin aiki yana kai ta makaranta yana tsayawa a bakin ƙofa, yana duban fuskar duk namijin da ya gitta. Ta daina cin abinci. Jiya ya daka mata tsawar da bai taɓa yi ba tun rasuwar mahaifiyarta, ta dube shi kawai, ba ta yi kuka ba.

"Baba, na san ni na ce a ɗaga mata ƙafa," in ji shi. "Amma kai tana jin maganarka. Tana nan a ɗaki. Ko in kai mata wayar, ka lallashe ta ta faɗi ko wane ne?"

Abin da ya daɗe yana jira ke nan. Taku kaɗan ne tsakanin wayar da muryarta. Yana iya cewa a kai mata, ya ji ta ce Kaka, su yi ta zagaye-zagaye shi da ita, gobe ma a sake kiransa, jibi ma haka. Aku ba za ta tona shi ba, ya san wannan. Za ta ci gaba da ɗauke da shi a ƙirjinta, ita kaɗai, a gida ɗaya da uban da yake tsoron inuwar kowa. Ya ɗaga kai ya ga wani mutum mai baƙin gashi ƙirin a madubi, da tsohon wuya, da idon da ya sani.

"Kada ka kai mata," ya ce. "Ɗana, ni ne. Ni ne Kunkurun."

Shirun da yake tsoro ya zo, ya kuma fi yadda ya zata tsawo. Yana jin ƙarar wani famfo yana ɗiga a can gidan. Ya yi bayani a hankali, ranar sallama, ranar haihuwar da ta rubuta, rinin, hular. Da ya faɗe su a jere sai ya ji babu ko ɗaya a cikinsu da ya tsaya da ƙafarsa.

Surukin bai ɗaga murya ba, ba halinsa ba ne. Ya ce, "Baba, da ka faɗa mini." Can ya ƙara da cewa, "Yarinya ce fa. Ka ɗora mata abin da ni ma ban iya ɗauka ba. Na yi mata tsawa a kanka."

Mai Aski ya ce haka ne. Ya so ya ambaci wurin da uba yake danna amincewa, har maganar ta zo bakinsa, surukin ya riga shi. Ya ce a bar zancen wasan nan, ya goge shi daga wayarta, ba zai koma ba. Mai Aski ya tambaya ko zai iya jin muryarta, ko gaisuwa ce kawai.

"Ba yau ba, Baba. Bari mu daidaita ni da ita tukuna. Zan kira."

"To ka ce mata na warware alkawarin. Ka ce ta riƙe shi da kyau, ba ta yi laifi ba."

"Zan faɗa mata."

Tun daga ranar wayar take zaune a kan kantar da ke ƙarƙashin madubi, fuskarta sama. Gemun ya dawo fari, da sauri, kamar bai ji haushin korar da aka yi masa ba. Gashin kai kuwa ya fara fitowa fari daga tushe, baƙin yana bisa, layi ya raba su kamar alamar da ruwa yake bari a jikin bango. Direba ya daina tsokana. Ya ce masa ya sa inji ya kwashe gaba ɗaya ya huta, aikin minti kaɗan ne. Mai Aski ya ce a'a. Ya san saurin tsiron gashi fiye da yadda ya san kwanan wata, kuma da farin nan yake gane tsawon jiransa. Yanzu ya kai faɗin yatsa, yana neman wucewa.

Wani lokaci yakan yi tunanin tsibirin. Mai Gyaran Waya ta ce ba ta san ko ana share irinsu ba, ko suna nan a wani wuri babu mai zuwa. Ya fi son ya ɗauka yana nan, gidan mai jan rufi, da itatuwan da babu mai ba su ruwa, da guntun gada a gitte kan kujera.

Ran nan wata mata ta kawo ɗanta, ɗan mitsitsi, ko magana bai gama iyawa ba. Mai Aski ya ɗauko katako ya gitta, ya ɗaga yaron ya ɗora, ya ɗaura masa mayafi. Yaron ya fara taɓe baki zai yi kuka, sai uwar ta zaro waya ta miƙa masa, ta ce ai yanzu an yi wasan irinsu, shi ne kawai yake sa shi zama. Kiɗan ya tashi, wanda Mai Aski ya sani kamar bugun zuciyarsa. Ta saman kan yaron ya hango shuɗin ruwa, da ɗan kwalekwale yana lilo a bakin gaɓa.

Ya tsaya da almakashi a buɗe har uwar ta dube shi. Sannan ya sa yatsa biyu ya karkata kan yaron a hankali, ya fara daga gefen kunne. Ya ci gaba da aikinsa. Lokaci-lokaci dai idonsa yakan sauka ƙasan madubi, inda wayarsa take kwance, fuskarta a duhu.